Shekarar da Aka Ce Malam Ya Tafi Gabas

A gidanmu in aka ce Malam, mutum ɗaya ake nufi, kakana na wajen uba, duk da cewa kusan kowane namiji a gidan yana koyar da karatu. Ya rasu ina goye, ban san shi ba sai a bakin mutane. An ce ya rubuta Alƙur'ani da ka. An ce bai taɓa cin abincin gidan sarauta ba. An ce akwai shekarar da ya bar iyali da gona ya tafi gabas ƙarin karatu, ya dawo a rame saboda yawan azumi. Wannan labari na gabas shi aka fi so, da shi ake yi wa yaran gidan gori in sun yi nauyin tashi karatun safe.

Ƙauyenmu yana gaba da Gezawa, cikin ƙauyukan nan da ba a gane inda wani ya ƙare wani ya fara, gona manne da gona, sai layin gamba a tsakani. Ni a birni nake aure, ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, sai an yi hutu nake zuwa gida. Da 'yan'uwa suka haɗa hannu aka gina ajujuwa na bulo kusa da tsohon zauren Malam, sai aka sa walimar buɗewa bayan an gama aikin kaka, aka ce a karanta tarihinsa a wurin. Baffa, yayan mahaifina, wanda gidan yake hannunsa, shi ya ɗora min aikin.

Ya ce, "Ke ce 'yar boko, kuma ke za ki iya shiga cikin gidaje wurin tsofaffin mata. Ki tattaro mana."

Na ji daɗi ƙwarai. Mahaifina ya riga ya rasu, kuma ba kasafai ake tunawa da 'ya'yansa mata ba in ana shawarar gida.

Na riƙa bin tsofaffi ɗaya bayan ɗaya da wayata, ina ɗaukar muryarsu. Kowa abu guda yake maimaitawa, har na fara gajiya. Inda na maƙale shi ne zancen gabas. Wannan ya ce Haɗeja, wancan ya ce Nguru, wata ta ce ai har Borno ya kai. Da na tambayi wurin wane malami ya zauna, sai kowa ya kalli gefe. Ni kuwa a gidan malamai na tashi. Na san wanda ya je gabas ba ya rabuwa da ambaton malaminsa har ya mutu, 'ya'yansa ma su gaji ambaton.

Na sami Gwaggo, ƙanwar Baffa, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na tambaye ta.

Ta ce, "Gabas dai gabas ce. Bin sawunsa za ki yi?"

Na ce saura mutum ɗaya ban gani ba, tsohuwar gidan gindin tsamiya, tunda an ce duk garin babu wanda ya girme ta in ban da Baffa. Gwaggo ta tsayar da hannunta a cikin ƙwarya.

"Kada ƙafarki ta taka gidan nan. Na faɗa miki."

Gidan gindin tsamiya bai fi jifa biyu daga namu ba, amma tun muna yara an hana mu shigarsa. Ba ma sayen ƙuli-ƙulinsu, ba a aikenmu ɗebo wuta a can, ba a kai musu naman layya. Gidan munafukai ake ce masa, mu ma haka muke cewa, ban taɓa tambayar munafuncin me suka yi ba. Da na girma na bar garin, sai abin ya fita daga raina.

Washegari bayan azahar na saka hijabi na tafi. Matar ɗan tsohuwar ce ta amsa sallamata, ta tsaya tana dubana kamar ta ga baƙon da ya ɓata hanya, sannan ta nuna min rumfa. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma tana tsinkar zogale. Ban taɓa ganinta kusa haka ba. Fuskarta duk zanzana ce, ramuka ƙanana tun daga goshi har wuya, idonta na hagu fari fat. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba, sai ta juya wajen surukarta.

"'Yar wa ce?"

Aka faɗa mata. Ta ci gaba da tsinkar ganyenta.

"Me aka aiko ki ki karɓa? Akwai sauran abin da ba ku karɓe ba?"

Na ce, "Iya, ba aiko ni aka yi ba. Tarihin Malam nake haɗawa. Na zo ne ko kin san garin da ya zauna lokacin da ya tafi gabas."

Sai ta yi wata dariya marar daɗi, har ta yi tari.

"Gabas? Ni dai yamma na ji an yi da shi, da igiya a ƙugu."

Ban gane ba. Ta nuna wayar da ke hannuna da haɓa.

"Abin nan yana ɗaukar magana? To kunna. Kunna, ki kai musu."

Ta ce a lokacin tana ƙaramar yarinya, ko tallan goro ba ta fara ba. Da bazara cutar agana ta shigo ƙauyukan yankin. Hakimi ya aiko wa dagaci, dagaci ya tara masu unguwa, aka yi shela cewa duk gidan da ƙuraje suka fito wa wani a faɗa, za a kai shi bukkokin da aka kafa a bayan gari, kuma masu yin lamba, wato rigakafi, suna nan tafe. Wanda ya ɓoye, hukuma za ta kama shi. Ana cikin haka ɗan Malam ya kamu, shi kaɗai ne ɗansa namiji a lokacin. Malam ya sa shi a rumbun da ke ƙuryar gida, ya ce wa mutane an kai yaron wurin dangin uwarsa. Zaure kuwa bai rufe ba. Yaran gari suka ci gaba da zuwa safe da yamma, suna shiga cikin gida su sha ruwa a randa, matar Malam tana aikensu, suna kwasar tabarmi suna shimfiɗawa.

"Yayyena biyu a zauren suke karatu," in ji ta. "Babban ya ji nishi a rumbu, ya leƙa. Kakanki ya kama kunnensa ya ce in ya faɗa wa wani, bakinsa zai karkace. Yaro ne, ya yarda."

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da babban, sai ƙaramin, sai ita. Ubansu ya je ya faɗa wa mai unguwa kamar yadda aka ce, aka kwashe su uku zuwa bukkoki. A can, cikin zafin ciwo, babban ya riƙa sambatu yana kiran sunan yaron rumbu, yana cewa kada Malam ya karkata masa baki. Uwarsu da ke jinyarsu ta ji. Yaran biyu maza a bukkar suka mutu, ɗaya bayan ɗaya. Ita ta tashi da ido ɗaya.

Ubanta bai tsaya wurin mai unguwa ko dagaci ba, don ya san duk mutanen Malam ne. Ya taka da ƙafa har garin hakimi. Aka turo dogarai da ma'aikacin duba-gari, suka buɗe rumbu, suka sami yaron ƙurajensa har sun fara bushewa. Aka ɗaura wa Malam igiya, aka bi da shi ta kasuwa, ranar kuwa tana ci. Alƙali ya ɗaure shi wata da watanni a gidan yari a birni.

Na ce, "Iya, to daga nan fa?"

"Daga nan mu muka zama masu laifi. Aka ce ubana ya sa an ɗaure mahaddaci. Ya yi sallama a majalisa, a yi kamar iska ce ta wuce. Ya shiga sahu a masallaci, na kusa da shi ya matsa. Gonar bakin rijiya, tun zamanin kakana take hannunmu aro daga gidanku. Ya gama kai mata taki kenan da jaki, mangala bayan mangala, sai 'yan'uwan Malam suka zo suka ce suna son abinsu. A wannan daminar suka shuka gero a kan takin ubana."

Gonar bakin rijiya na san ta. Da aka raba gadon mahaifina, a cikinta aka yankar min nawa kason, kuma geronta ake kai min birni duk shekara. Ban faɗa mata ba. Na tabbata ta sani.

Ta ce aure ma sai a wani gari ta yi, don a nan babu wanda ya nema. Da mijin ya rasu ta tattaro ɗanta ta dawo gidan ubanta, don kada a ce sun gudu. Na tambaye ta ko Malam ya taɓa zuwa ya yi musu gaisuwa bayan ya fito.

"Rago aka yanka masa ranar da ya dawo. Ƙamshin har nan. Ya yi ta wucewa ta ƙofar gidan nan har ya tsufa ya mutu, bai taɓa tsayawa ya ce Allah ya ji ƙansu ba."

"Yaron da aka ɓoye fa, ya rayu?"

Ta juyo da lafiyayyen idon ta kafa min.

"Wa ya sa ki aikin?"

Sai na gane Baffa take nufi. Na ce, "Iya, don Allah ki yi haƙuri."

"Kada ki ba ni haƙuri da bakin gidanku. Kin sami abin da kika zo nema. Tashi."

Ko ruwa ba a ba ni ba, ni ma ban sa rai ba. Na fito na tsaya a gindin tsamiyar. Daga nan ana hango sabon ginin, masu fenti suna kan tsani.

Na jira har aka yi la'asar, mutanen da ke zaure suka watse, ya rage Baffa shi kaɗai a kan buzunsa yana jan carbi. Na shiga na zauna daga bakin ƙofa. A ranar na dubi fuskarsa da kyau. Akwai 'yan ramuka a gefen hancinsa da saman girarsa, waɗanda duk rayuwata nake gani ban taɓa kawo komai a raina ba.

Na ce, "Baffa, na je gidan gindin tsamiya."

Carbin ya tsaya.

"Wa ya aike ki?"

"Kai ka ce in shiga wurin tsofaffin mata."

"Na ce ki shiga wurin mutane. Me makauniyar ta ce miki?"

Na faɗa masa a taƙaice. Na ɗauka zai ce ƙarya ce, har na shirya abin da zan ce. Bai musa ko ɗaya ba. Sai ya fara magana a hankali, cikin fushi.

"Kin san bukkokin nan? Ba ki san su ba. Da doguwar gora ake tura wa mutum abinci, kamar kare. Wanda ya shiga, sai dai a ji an haƙa rami. Ni na kwanta a rumbun nan, cikin duhu da ƙaiƙayin dawa, uwata tana miƙo min kunu ta sama, ubana yana jingine da bango yana yi min karatu. Wane uba ne zai ɗauki ɗansa ɗaya tilo ya miƙa?"

Na ce, "Uban tsohuwar ya miƙa uku."

"To me aka dawo masa da shi?"

Wannan maganar ita ta tunzura ni. Na ce, "Baffa, ban ce a miƙa ka ba. Me ya hana a sallami yaran mutane a rufe zaure?"

Ya kau da kai. Na sake tambaya.

Ya ce, "In an rufe, za a tambayi dalili."

"Kenan an san abin da ake yi."

"Ajalinsu ne ya zo! Ko an rufe ko ba a rufe ba, kwanansu ya ƙare. Ke har kin isa ki tuhumi ƙaddara?"

Na ce, "In ajali ne, ai kai ma da an bar ka da naka ajalin a bukka."

Ban taɓa ganin Baffa ya miƙe da sauri haka ba. Ya nuna ni da sandarsa.

"Mutumin da aka ja da igiya a gaban masu sayar da daddawa, mahaddacin Alƙur'ani, aka aske masa kai aka sa shi ɗaukar bahon kashi, shi za ki zo ki yi wa shari'a ta biyu a zaurensa? Da ubanki yana raye da ba ki yi min wannan tsaurin ido ba. Goge abin da kika ɗauka. Yanzu, a gabana."

Na ce ba zan goge ba. Na ce ban yi niyyar karanta shi a lasifika ba, amma ba zan tsaya gaban jama'a in ce Malam ya tafi gabas ba. Na roƙi abu ɗaya: in an zo addu'a ranar walima, a sa yaran nan biyu a ciki, ko ba a faɗi dalili ba, a ce wasu ɗaliban Malam da suka rasu suna ƙanana.

Ya ce, "A taron ubana ba za a ambaci jinin wanda ya kai shi ƙara ba. Fita. Na karɓe aikin."

Kafin magariba gidan duk ya ji. Gwaggo ta same ni a ɗakin mahaifiyata ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ko shigo ba. Ta ce boko ya cinye min kunya, ta ce an ba ni amana na je na kwance wa gidanmu zane a gaban maƙiya. Na tambaye ta ko ta san labarin tun da. Ta ce kowa ya sani, sai dai kowa yana da tarbiyya. Matan gidan da muke hira da su jiya suka koma amsa min gaisuwa da ka. Baffa ya kira mijina a waya ya ce ya zo ya ɗauki matarsa. Mijina ya ba shi haƙuri, ni kuma ya ce min in yi shiru har a gama taro. Mahaifiyata ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba, ta ce dai in tuna a gidan take zaune, ni kuwa tafiya zan yi.

Aka yi walima. An kafa rumfuna, an yanka sa, baƙi sun zo daga birni da motoci. Babban ɗan Baffa ne ya karanta tarihin. Ina cikin gida wurin rabon shinkafa, amma lasifikar da aka ɗaura a kan sabon ginin tana kai magana har bayan gari. Na ji ya zo kan shekarar gabas. Yanzu har ta sami gari takamaimai, ta sami babban shehin da Malam ya zauna a wurinsa, ta sami littattafan da ya sauke. Maza suna ta kabbara. Na san ana ji a gindin tsamiya kamar yadda nake ji. Na ajiye ludayin na shiga ɗaki, ban fito ba sai da aka watse.

Da safe kafin in tafi tasha na koma gidan tsohuwar. Ɗanta na samu a ƙofa yana ɗaure wa jaki mangala, dattijo ne mai furfura. Bai bar ni na shiga ba.

Ya ce, "Ta ce ta gama da ke."

Na ce ina so ne in gaya mata ban yarda da abin da aka karanta ba, kuma in sun amince, kasona na gonar bakin rijiya su riƙa nomawa, ba na son komai a ciki.

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Mun ji taronku jiya, Hajiya. Ba mu roƙi sadakar gidanku ba. Kuma muryar uwata da kika ɗauka, kada in ji ta a wayar wani. Ba za a mai da mu abin hira a birni ba."

Ya kaɗa jakinsa ya wuce. Maganar gonar kuma ta riga ni isa gida, ban san ta yaya ba. Baffa ya aiko a gaya min ƙasar Malam ba ta fita daga gidan Malam, in na gaji da ita in bar wa 'yan'uwana.

Muryar tana nan a wurina, ban goge ba, ban kuma kunna wa kowa ba. 'Ya'yana dai na zaunar da su na faɗa musu da bakina, don ba na so su girma suna cewa gidan munafukai. Na daina zuwa hutu kamar da. In na je gaida mahaifiyata, nakan durƙusa a ƙofar zaure in gaida Baffa, ya ce lafiya, ya ci gaba da jan carbinsa.

Da damina ta zagayo tsohuwar ta rasu. Mahaifiyata ce ta kira ta faɗa min, da murya ƙasa-ƙasa. Na hau mota na zo ranar sadakar uku. Daga gidanmu babu macen da ta je sai ni. Matar ɗanta ta shimfiɗa min tabarma can gefe, nesa da sauran mata. Na yi gaisuwa, aka amsa a gajarce, babu wadda ta ƙara ce min komai. Na ɗan zauna na yi addu'a na tashi.

Da na dawo Baffa yana zaure shi kaɗai, ya ƙara tsufa, ƙafafunsa sun kumbura. Na durƙusa na gaishe shi, na yunƙura zan wuce.

Ya ce, "Daga can kike?"

Na ce e.

Ya ajiye carbinsa.

"Ta ce wani abu a kaina kafin ta cika?"

Na ce ban sani ba, babu wanda ya gaya min, ni ma ban tambaya ba.

Ya ce, "To tashi ki ba ni wuri."